Ɗingishin Yayana

A duniyar nan ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya iya ƙular da ni kamar Yayana ba, kuma har gobe ban ga wanda zan ɗora a kansa ba. Mai gyaran firji ne. Shagonsa na bayan tashar mota, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti, ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe wadda sai an tokare ta da gwiwa take rufuwa. Ciki kuwa matattun firji ne jingine da juna, in za ka shiga sai ka karkace ka bi ta gefe, ga warin man kwampreso ga na walda. A ƙusar da kowane mai shago ke rataya kalanda, shi takalmin gudu ya rataya.

A filin wasa ba wanda ya san shi da firji. Agogo ake ce masa. Zagayen filin gudu mita ɗari huɗu ne, to in ka ce wa Yaya ya zagayo cikin sakan sittin, cikin sakan sittin zai dawo maka, ba ƙari ba ragi, kuma ko agogon ba ya ɗaurawa. Kocinmu, wata dattijuwa mai lema wadda ba ta dariya sai an yi da gaske, ta taɓa ce masa ya yi sittin da huɗu. Da ya dawo ta duba ta ce sittin da biyar ya yi. Ko numfashi bai gama mayarwa ba ya ce, "Koci, yatsanki ne ya makara." Ta ja tsaki. Aka tambayi ɗaya mai riƙe da agogon, ya ce sittin da huɗu cif. Daga ranar ba ta ƙara musu da shi ba.

Sai dai fa bai taɓa cin gasa ba, ko sau ɗaya. Tseren mita ɗari takwas yake yi, zagaye biyu, kuma Allah ya ba shi lissafi ya hana shi wutar ƙarshe. Yana gaba har kwanar ƙarshe, sai ka ga an wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ya zo na huɗu ko na biyar. Wani da haɗiyar zuciya zai yi. Shi sai ya koma jan gaba, wato ya shiga gaban manyan 'yan tsere a wajen horo, ya riƙe musu saurin da aka tsara, ya tare musu iska, in ya kai su mita ɗari biyar ko shida ya kauce gefe su ƙarasa. Mutum nawa ya ja suka yi suna suka haye jirgi? Ko gaisuwa babu mai aiko masa. Ni nake jin haushin a madadinsa, shi ko a jikinsa.

Ni ce autar gidanmu, ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Ina da goma sha bakwai ranar da Inna ta manta jakarta a motar haya na bi motar da gudu har na cim mata a mahaɗa. Na dawo ina huci ina jiran yabo, sai Yaya ya dube ni ya ce, "Auta, kina da ƙafa, amma gudunki kamar mai tsallake kwata."

Washegari da asuba ya tasa ni gaba zuwa fili. Abin da ya fara cire mini shi ne miƙa ƙafa. Ni a tunanina dogon taku shi ne sauri, ashe duk lokacin da diddigenka ya sauka a gabanka birki ka taka. Ya ce ƙafa ta sauka a ƙarƙashin ƙugu, ta taɓa ƙasa ta tashi, kada ta zauna hira. Wata uku muka yi a kan wannan kaɗai, ina ɗaga gwiwa ina tsalle-tsalle kamar mahaukaciya mutane na wucewa suna kallo. Sannan ya dawo kan hannu: gwiwar hannu ta koma baya, kada hannu ya tsallake tsakiyar ƙirji, kada a dunƙule yatsu. Sannan kafaɗa, sannan muƙamuƙi. Wata rana ya kai ni shago ya kunna wani firji mai kakkarwa, ya sa na ɗora tafina a kai. Ya ce, "Kin ji? Rabin wutar da yake sha a rawa take tafiya, shi ya sa ruwan ciki bai yi sanyi ba. Kanki da kafaɗunki haka suke yi." Na ce to ni firji ce ke nan. Ya ce a'a, firji ba ya mayar da magana.

Shekara tara na yi ina gudu a bayansa. Talata mita ɗari biyu sau goma, kowanne sakan ashirin da tara, hutun minti ɗaya da rabi a tsakani. Alhamis hawan tudun da ke bayan tankin ruwa har sai cinya ta yi kuka. Asabar mita ɗari shida sau uku, wanda shi ne mai sa mutum ya durƙusa a ciyawa ya yi amai. Duk wannan kafin ƙarfe bakwai, don ya je ya buɗe shago. Na san ƙeyar Yaya fiye da yadda na san fuskata. Aikina kawai in maƙale masa taku biyu a baya in kashe tunani, shi zai kai ni.

A shekarar da na cika ashirin da shida aka sa ranar gasar zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa. Masu zaɓen suka ce zuwa na ɗaya kaɗai bai isa ba, dole mace ta sauka ƙasa da minti biyu da sakan uku. Ni kuwa mafi kyawun lokacina ya haura haka da rabin sakan, kuma a bayan wata doguwa na yi shi, wadda kullum ita ke jan tserenmu. To doguwar ta tafi haihuwa. Sauran duk na fi su, ke nan ba mai shiga gabana, kuma ba a sa namiji a tseren mata. Shekaruna sun ja, na san in wannan ta wuce ni babu wata.

Saura mako bakwai aka kira Yaya gyaran ɗakin sanyi na wani mai kifi, Koci ta ce in yi ɗari shida ni kaɗai. Abin da nake yi a minti ɗaya da sakan talatin da ɗaya, sai ga shi na yi talatin da shida. Na ce gajiya ce. Na huta na sake, talatin da shida. Koci ta rufe lemarta, abin da ba ta yi sai magana ta yi nauyi.

Ta ce, "'Yar nan, ba ƙafarki ba ce. Da kin ga fili fayau a gabanki sai ki ɗaga haɓa, takunki ya gajarce, ki hau waige-waige kina jiran wanda zai wuce ki ki bi shi. Sabo turken wawa. Shekara tara ana kai ki, ba ki taɓa kai kanki ba."

Da Yaya ya zo washegari ta maimaita a gabansa, ta ce daga yau kada ya ƙara shiga gabana. Ai kuwa na yi tsalle na dire na ce ban yarda ba. Saura mako bakwai za a sauya mini abin da na saba? Na bi shi shago, na zauna a kan wata tsohuwar firiza na yi ta masifa, da masifa ta ƙare na koma kuka. Yaya kuwa tun rasuwar Baba bai iya ce mini a'a ba, wannan ita ce lagonsa kuma na san ta sarai. Ranar Asabar sai ga shi a gabana kamar kullum, na yi talatin da ɗaya ina murna. Koci ta saɓa jakarta ta fice daga filin. Na ga Yaya ya bi ta da kallo, ya daɗe a tsaye riƙe da ƙugu.

Ranar Litinin da hantsi matarsa ta kira ni. Wai suna sauko da firji daga bene ya kuɓuce ya daki gwiwarsa ta dama. Ko takalmi ban tsaya ɗaurawa ba. Na tarar da shi a falo an naɗe gwiwar da bandeji tun daga cinya har ƙwauri, ga sanda a gefe, Inna na zaune tana ta sannu. Ya ce likita ya ce wata biyu ba gudu. Na zagi firjin, na zagi benen, na zagi mai gidan da ya rasa inda zai ajiye firji sai sama. Har da Koci na haɗa, wai bakinta ne ya kama shi. Allah ya yafe mini.

Haka na koma fili ni kaɗai, ba don ina so ba. Koci ta fito da sabuwar mugunta: in na gama gudu ba za ta nuna mini agogo ba sai na faɗi abin da na yi da bakina. In ce sittin, ta juyo mini da shi in ga sittin da uku. In ce yau kam na gyara, in ga hamsin da bakwai, na ƙone kaina tun a zagayen farko. A mako na biyu na cire takalmin ƙusa na yi jifa da shi har cikin ramin yashi na masu dogon tsalle, ta ce in je in ɗauko da kaina tunda ba ta haifi mai ɗauko mini ba.

Da yamma nakan biya shago in kai ƙara. Yaya na zaune a kan benci ya miƙe ƙafar, yana hura wa bututu wuta, ni kuma ina zuba. Ranar da na ce masa ni fa ba ni da agogo a jiki irin nasa, sai ya kashe wutar ya ce, "Wa ya ce miki da shi aka haife ni? Ƙirga na yi. A saurin da kike nema, mita ɗari taku hamsin da huɗu ne a wajenki, na sha ƙirga miki da kunne. Ki bi ƙafar hagu kaɗai, ashirin da bakwai. In kin kai alamar mita ɗari kin ƙirga talatin, kin tsuke taku, tsoro ya shige ki. Ido kuma ki aje shi a kan farin layi can gaba, ki bi shi kamar yadda kike bina. Layi ba ya gajiya, ba a kiransa gyaran firji."

Shekara tara yana gabana, ashe yana jin takuna yana ƙirgawa, ni ban ma san adadinsa ba. Kunya ta kama ni, na rufe da cewa ai da sai ya faɗa tun tuni.

A hankali abin ya fara zama. Mako na huɗu na ce sittin da ɗaya, agogo ya ce sittin da ɗaya, Koci ta ɗan motsa baki, wanda a wajenta shewa ce. A wannan makon ne kuma aka yi tseren 'yan sama da shekara talatin da biyar, wanda Yaya ya yi shekara biyu yana shiri dominsa. Kowa a filin ya san nasa ne, don tsaransa duk sun aje tumbi. Karon farko a rayuwarsa da zai tsaya a kan dakalin na ɗaya. Ya zo da sandarsa ya zauna a cikin 'yan kallo, ya tafa wa wanda ya ci. Ni ce na kasa kallo. Kuma duk tsawon makonnin nan bai rufe shago ba, da ɗingishin yake tallabar firji ana ɗorawa a mota, duk nauyin a ɓari ɗaya. Na yi faɗan har na gaji.

Kwana goma na ƙarshe Koci ta rage aikin, gajerun gudu masu kaifi da dogon hutu, don ƙafa ta tara ƙarfi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar ta zo. Ƙarfe huɗu na yamma, rana ta ɗan karya, iska na kaɗawa a miƙaƙƙen layin baya. Mu takwas ne. Na hango su Inna a sahun ƙasa kusa da shingen ƙarfe, Yaya ya ɗora ƙafarsa a kan kujerar gaba.

Bindiga ta tashi. Muna fita kwanar farko aka haɗe a layin ciki, na duba gabana, babu kowa. Jan fili kawai shimfiɗe, ga iska ta daki ƙirjina, iskar da shekara tara wani ke shanye mini ita. Na kama ƙirga, hagu, hagu, hagu, na kai alamar da ashirin da takwas. Na saki ƙugu na ɗan buɗe. Da na zo inda ake kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, mai kiran lokaci ya yi ihu, "Sittin da ɗaya!" Na makara da sakan guda.

Mita ɗari biyu na uku nan ne ake binne 'yan ɗari takwas, don an gaji kuma gida da nisa. Nan tsohon halin ya taso mini. Na ji haɓata na ɗagawa, kunnena na neman takun wata a baya, zuciyata na cewa ki ɗan jira, wata za ta zo ta ja ki. Na ce wa kaina babu mai zuwa, 'yar banza, mai zuwan yana can da sanda. Na sauke haɓa, na kafa wa layin ido, na tura gwiwar hannu baya. Ashirin da bakwai. Kwanar ƙarshe ban san yadda na yi ta ba. A miƙaƙƙen ƙarshe cinyoyina suka zama buhun siminti, ihun mutane ya koma can nesa, hannu kaɗai ke jan ƙafa. Na tsallake layin na zube.

Ina kwance kuncina a ƙasa aka sanar: minti biyu, sakan biyu da ɗigo takwas. Na shiga.

Ta tsakanin ƙafafun alƙalan tsere na hango wani mutum ya dafa shingen ƙarfe ya tsallake shi kamar ba komai, ya yanko ta tsakiyar ciyawa da gudu. Masu gadi biyu suka rufa masa baya, ina, ko ƙurarsa ba su gani ba. Gwiwa sama, kafaɗa a sake, ƙafa na taɓa ƙasa tana tashi, farin bandeji ya warware yana binsa a baya. A duk garin mutum ɗaya ne ke gudu da kyau haka.

Ya iso ya durƙusa yana, "Auta! Auta, kin yi!" Na tashi zaune, na dube shi sama da ƙasa.

Na ce, "Yaya, ina ƙafar?"

Ya yi turus. Ya dubi gwiwarsa, ya dube ni, ya miƙe ya ɗan ja baya yana ɗingishi. Da hagu.

"Dama ce, maƙaryaci! Dama ce firjin ya daka!"

Na kai hannu zan ciro takalmi in jefe shi, Allah ya taimake shi igiyar ta ƙulle. Ina dukan ƙirjinsa ina kuka ina dariya, masu gadi sun tsaya sun rasa wanda za su kama. Shi kuwa abin da ya samu ya ce shi ne, "Kin makara da sakan ɗaya a zagayen farko."

A hanyar gida asiri ya gama tonuwa. Babu firjin da ya faɗi, babu likita. Matarsa ce ke naɗa bandejin kowace safiya, ta ce sau biyu ta kusa naɗe hagu. Koci ta ce ita tun ranar farko ta gane, mai ciwon gwiwa ba haka yake taka ƙasa ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ta dai ga ya yi abin da ya kamata ne ta ja bakinta. Inna ce kaɗai aka rufe tare da ni, mako shida tana shafa man zafi a lafiyayyar gwiwa tana tofa addu'a. Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba. Na tambaye shi me ya sa bai ce mini a'a kawai ba. Ya ce, "Na gwada, kin gani ai. In ina da ƙafa kika yi kuka, zan tashi."

Na ce, "To tseren naka fa? Shekara biyu, Yaya."

Ya ce, "Da na yi shi ai da kin gano ni."

Na yi tafiyata, wata biyu muna sansanin horo da gasa. Abin da na yi a can ba shi ne labarin ba, na dai kai mataki na biyu na gasar aka fitar da ni, kuma ni na ja tseren da kaina har mita ɗari bakwai. Ranar da na dawo ko gida ban je ba, na sauka a tasha na zagaya shago da jakata. Na hango shi daga nesa ya fito zai tari mai ɗaukar kaya, yana jan ƙafar dama, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka.

Na ɗaga murya na ce, "Kai Yaya, an tashi daga wasan nan fa! Wa kuma za ka yaudara?"

Ya juyo ya washe baki, amma tafiyar ba ta sauya ba. Da na matso na ga babu bandeji, babu sanda.

Ya ce, "Wannan na gaske ne, Auta. Ƙugu ne."

Mako shida yana taka ƙasa a karkace, yana ɗaukar firji a kan karkacen, sannan ya tashi rana ɗaya ya tsallake shinge ya zura da gudu ba ko ɗumama jiki. Ƙugun ya riƙe tun washegarin tserena, ya hana kowa gaya mini don kada hankalina ya rabu. Mai gashin ƙashi da likitan asibiti duk magana ɗaya suka yi masa: tafiya za ta gyaru a hankali, amma gudu irin na da ya manta da shi.

Na ce, "Yaya, ni na ja maka."

Ya ce, "Ke dai akwai son a ce ke ce. Kuskurena ne, da na yi tunani da hagu na yi ɗingishin, ita ce dama can ba ta da kirki." Ya dafa wani dogon firji da ke bakin ƙofa. "Aje jakar nan ki kama mini ta ƙasa, mai shi tun safe yake jira."

Na aje na kama. Hawaye ya hana ni ganin hanya, sai da ya ce mini in kula da dakali.